A Daina Auna Kirkin 'Yan Kurket da Murmushi

Akwai tambayar da masoya wasan kurket ba sa gajiya da yi wa juna: a cikin manyan 'yan wasan nan da ake biya maƙudan kuɗi, su wa ne mutanen kirki na haƙiƙa? Tambayar ba ta da laifi. Amsoshin da ake bayarwa ne ke ɓata mini rai. Wannan ya ce wane ne, don kullum fuskarsa a sake take. Wancan ya ce a'a, ai wane ya taɓa tsayawa a filin jirgi ya ɗauki hoto da ɗansa. Wani kuma hujjarsa ita ce bai taɓa jin gwaninsa ya ɗaga murya a gaban 'yan jarida ba. Da irin wannan ma'auni, duk ɗan damfarar da ya iya sana'arsa zai ci jarrabawa, domin murmushi shi ne jarinsa na farko.

Mu masu aikin rediyo mun fi kowa sanin wannan. Baƙon da ya fi kowa ladabi idan jar fitila ta kama, wani lokaci shi ne ke yi wa yaron da ke haɗa sauti tsawa da zarar an kashe makirufo. Mai sauraro a gida murya kawai yake ji, sai ya yanke hukunci a kan muryar. Haka masu kallon wasa suke yi da fuska.

Da yawa daga cikinmu a fim ɗin Indiya muka fara ganin wasan, musamman Lagaan na Aamir Khan da ya fito a 2001. Ga wanda bai saba ba, abin riƙewa kaɗan ne. Mutum ɗaya yana jefa ƙwallo mai tauri, wani yana tsaye da faffaɗan katako a gaban wasu sanduna uku yana kare su. In ya doki ƙwallon, shi da abokinsa da ke ɗaya ƙarshen sai su yi musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallon ta sami sandunan, ko ta taɓa katakonsa aka cafe ta kafin ta faɗi ƙasa, ya fita. Turawan Ingila da suka yaɗa wasan a ƙasashen da suka mallaka sun daɗe suna kiransa wasan masu mutunci. Ƙungiyar MCC da ke Landan, wadda ke riƙe da dokokinsa, a shekarar 2000 har gabatarwa ta musamman ta ƙara wa kundin dokokin a kan abin da take kira ruhin wasan.

A wannan shekara ta 2000 dai asirin Hansie Cronje ya tonu. Da a farkon shekarar aka yi tambayar nan tamu, da sunansa ya zo cikin na farko. Kyaftin ɗin Afirka ta Kudu ne, mai natsuwa, mai iya magana, wanda aka sani da riƙo da addininsa na Kirista. A watan Afrilu 'yan sandan Delhi suka bayyana cewa sun naɗi hirarsa ta waya da wani ɗan caca. Ya musanta, hukumar ƙasarsa ta tsaya masa, jama'a suka ce sharri ne, mutum irin Hansie ba zai yi haka ba. Kwana huɗu bayan nan ya amsa da bakinsa, ya kuma ɗora wa Shaiɗan wani kaso na laifin.

Karɓar kuɗin 'yan caca laifi ne, amma abin da ya fi nuna halin mutumin shi ne waɗanda ya zaɓa ya jawo cikin ramin. Ya yi wa Herschelle Gibbs tayin dala 15,000 in ya yarda ya fita kafin ya kai maki 20 a wani wasa da Indiya a Nagpur. Ya yi wa Henry Williams tayin kuɗi daidai wannan in ya yi jifa maras kyau. Ɗaya matashi ne, ɗaya kuma bai kafu a ƙungiyar ba, kuma dukansu ba farar fata ba ne, a ƙasar da ba ta jima da fita daga mulkin wariyar launin fata ba. Su ne waɗanda ya fi wuya su ce wa kyaftin a'a. Gibbs ya ci maki 74 a ranar, Williams ya ji rauni, ko sisi ba su samu ba, amma an dakatar da kowannensu wata shida. Cronje aka haramta masa wasan har abada, ya rasu a hatsarin jirgin sama a watan Yunin 2002. To ku ji ƙarfin murmushi: a 2004 gidan talabijin na SABC ya yi ƙuri'ar jin ra'ayi kan fitattun 'yan ƙasar, Cronje ya zo na 11, yana gaban Steve Biko. Musa a baki, Fir'auna a zuci, kuma jama'a suka ci gaba da sauraron bakin.

Shekara 18 bayan haka aka maimaita darasin a birnin Cape Town. A watan Maris na 2018 kyamara ta kama Cameron Bancroft na Ostireliya yana goga wa ƙwallo takardar yashi don ta riƙa karkacewa a iska, ya yi wuf ya cusa takardar cikin wando. Shi ne ƙaramin cikinsu a gogewa. Bincike ya nuna mataimakin kyaftin David Warner ne ya kitsa, kyaftin Steve Smith mai fuskar yaro kuma ya san da shirin ya kau da kai. Manya suka shirya, ƙarami aka tura gaban kyamara. Smith ya yi kuka a filin jirgin Sydney, duniya ta tausaya masa, ni ma ban ce hawayen ƙarya ba ne. Amma hawayen bayan an kama mutum ba su gaya mana abin da zai yi ba da kyamarar ta kalli wani wuri.

Sai kuma ruhin wasan nan da ake ta wa'azi a kai. A lura da wanda ke riƙe da ma'aunin. Akwai wata ƙa'ida: abokin mai duka da ke tsaye kusa da mai jifa ba shi da ikon barin layinsa kafin a saki ƙwallo. In ya bari, satar tazara yake yi, kuma mai jifa yana da damar ya taɓa sandunan ya fitar da shi. A 1947 Vinoo Mankad na Indiya ya yi wa Bill Brown na Ostireliya haka a Sydney, bayan ya riga ya gargaɗe shi a wani wasa da ya gabata. Don Bradman, wanda shi ne kyaftin ɗin Ostireliya a lokacin, ya kare Mankad. Duk da haka sunan Mankad aka liƙa wa abin, ya zama kalmar zagi shekara da shekaru, wanda ya saci tazarar kuma ya tafi da sunansa fes. Sunil Gavaskar ya sha faɗin cewa in za a yi adalci sunan Brown ya kamata a sa.

A watan Satumban 2022 Deepti Sharma ta Indiya ta fitar da Charlie Dean ta Ingila ta wannan hanya a filin Lord's, 'yan kallo suka yi mata ihu. Cikin waɗanda suka fito suka soki abin har da Stuart Broad. Wannan Broad ɗin kuwa shi ne a 2013, a filin Trent Bridge, ƙwallo ta taɓa katakonsa taɓawar da kowa ya gani, Michael Clarke ya cafe, alƙalin wasa Aleem Dar bai gani ba, shi kuma ya tsaya ƙyam kamar ba abin da ya faru. Yana da maki 37 a lokacin, ya kai 65, Ingila ta ci wasan da tazarar maki 14. Doka ba ta tilasta masa fita ba, na yarda. Ita ma Deepti doka ce ta ba ta dama, har MCC ta cire wannan fitarwa daga babin rashin adalci a watan Oktoban 2022. Me ya sa tsayawarsa ta zama jarumta a wurin mutanensa, aikinta kuma ya zama rashin tarbiyya? Wanda ya rubuta littafin ladabi shi yake zaɓar wane laifi ne abin kunya.

Wannan ba ya rage darajar abin da Courtney Walsh ya yi a Lahore a gasar cin kofin duniya ta 1987. Jifa ɗaya ya rage, Pakistan na neman maki biyu, kuma mutum ɗaya ya rage a fitar musu wasa ya ƙare. Walsh ya taho da gudu ya ga Saleem Jaffar ya bar layi. Taɓa sanduna kawai zai yi West Indies ta ci. Ya tsaya, ya kalle shi, ya koma ya sake tahowa. Abdul Qadir ya doki ƙwallon ya samo maki biyun, kuma a ƙarshe West Indies, da ta ɗauki kofin a 1975 da 1979, ba ta kai wasan kusa da na ƙarshe ba. Ina girmama wannan saboda ya biya farashinsa, shi ne zai koma ɗakin canza kaya ya haɗa ido da Viv Richards. Kyauta ce ya yi daga haƙƙinsa. Mai kyauta ya cancanci yabo, amma wanda ya karɓi haƙƙinsa bai zama ɓarawo ba.

Haka Adam Gilchrist a wasan kusa da na ƙarshe na 2003 da Sri Lanka. Alƙali Rudi Koertzen ya ce bai fita ba, shi kuma ya san ƙwallon ta taɓa katakonsa, sai ya juya ya fita da kansa yana da maki 22. Abu ne mai kyau. Sai dai shi ɗin ne a Sydney a 2008 ya cafe ƙwallon da ba ta taɓa katakon Rahul Dravid ba, ya ɗaga murya yana neman a fitar da shi, aka kuwa fitar. Mutum yakan yi gaskiya a kan kansa ya kasa yin ta a kan abokin hamayya.

Wani zai ce, to kai ka shiga zuciyarsu ne? Ai Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ban raina sakin fuska ba. Amma karin maganar nan an yi ta ne a kan maƙwabcin da kake gani safe da yamma, ranar daɗi da ranar wuya. Ba a yi ta a kan mutumin da ke da ma'aikacin hulɗa da jama'a ba, wanda kamfanoni ke biya don ya yi murmushi a allon talla. Ga irin wannan mutum tambaya biyu nake yi: alherin da ya yi, me ya rasa a dalilinsa? Kuma yaya yake da wanda ba zai iya amfanarsa da komai ba?

Da wannan ma'auni Rahul Dravid ya haye. A 2018 yana horar da 'yan ƙasa da shekara 19 na Indiya suka ci kofin duniya a New Zealand. Hukumar kurket ta ƙasar ta ware masa rupi miliyan 5, kowane ɗan wasa miliyan 3, sauran ma'aikatan da suka yi aikin tare da shi kuma miliyan 2 kowanne. Ya ce bai yarda ba, a raba daidai. Aka mai da na kowane ma'aikaci miliyan 2.5, har da shi, wato rabin kuɗinsa ya tafi. A 2024 da babbar ƙungiyar ta ci kofin duniya na gajeren wasa, jaridun Indiya sun ruwaito ya sake yin haka, ya ƙi karɓar fiye da abin da aka ba mataimakansa. Shi ma ba waliyyi ba ne, an taɓa cin tararsa a 2004 kan shafa wa ƙwallo alewa. Amma mai gida da ya duba albashin yaransa ya ce a rage nasa, sau biyu, wannan hali ne da ya zauna.

Kane Williamson na New Zealand kowa yana ambatonsa saboda ranar 14 ga Yulin 2019 a Lord's. An tashi 241 da 241 da Ingila, aka yi ƙarin jifa shida-shida aka sake yin 15 da 15, sai aka ba Ingila kofin da wata ƙa'ida ta ƙirga yawan dukan da ya kai iyakar fili, ƙa'idar da aka soke bayan 'yan watanni. Ya zauna gaban 'yan jarida bai zagi kowa ba. Madalla. Ni abin da ya fi burge ni ya faru shekara biyar kafin nan. A ranar 16 ga Disamban 2014 'yan bindiga suka shiga wata makaranta a Peshawar suka kashe mutum fiye da 140, mafi yawansu yara. New Zealand na tsakiyar jerin wasanni biyar da Pakistan a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Williamson ya ba da kuɗin da aka biya shi na wasannin ga iyalan waɗanda abin ya shafa. Ba ƙasarsa ba ce, ba masu sayen rigarsa ba ne.

Akwai kuma wanda ke rikita masu auna murmushi gaba ɗaya, wato Glenn McGrath. A fili bakinsa ba shi da daɗi ko kaɗan, cacar bakinsa da Ramnaresh Sarwan a Antigua a 2003 tana cikin mafi muni da aka gani. Shi ne kuma da matarsa Jane suka kafa gidauniya a 2005 da ke ɗaukar nauyin ma'aikatan jinya masu kula da mata masu cutar kansar mama. Jane ta rasu a 2008, aikin bai tsaya ba, kuma tun 2009 ake keɓe wasan Sydney na farkon shekara don tara wa gidauniyar kuɗi.

Amma wurin da ake sanin hali shi ne ɗakin canza kaya da motar ƙungiya, inda kyamara ba ta shiga. Makhaya Ntini, baƙar fata na farko da ya buga wa Afirka ta Kudu wasan kwana biyar, ya fitar da mutum 390 a wasanni 101. Shekaru ana nuna shi yana dariya, ana yabon ƙwazonsa don yakan bar mota ya tafi filin wasa da gudu. A 2020 ya faɗa a talabijin cewa kaɗaici yake gudu. Ya ce abokan wasansa sukan shirya fita cin abinci a gabansa ba wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa, in ya zauna a bayan mota su koma gaba. A cikin waɗancan abokan wasa akwai waɗanda sunansu ke cikin kowane jerin mutanen kirki. A shekarar nan dai Darren Sammy, wanda ya jagoranci West Indies ta ci kofin duniya na gajeren wasa a 2012 da 2016, ya gano cewa sunan da wasu abokansa a ƙungiyar Sunrisers Hyderabad suke kiransa da shi suna dariya, shi ma yana taya su, kalmar wulaƙanci ce ga baƙar fata.

Shari'ar Azeem Rafiq da ƙungiyar Yorkshire ta fi fito da abin fili. Rahoton binciken da aka yi ya ɗauki wata kalmar cin mutunci da aka riƙa jifansa da ita a matsayin raha tsakanin abokai. Da Rafiq ya bayyana gaban kwamitin majalisar dokokin Birtaniya a watan Nuwamban 2021, ya yi magana a kan Joe Root, kyaftin ɗin Ingila a lokacin. Ya shaide shi da cewa mutumin kirki ne, bai taɓa furta irin waɗannan kalmomi ba. Amma ya ce Root yana wurin a wasu lokutan da aka furta su, kuma ya ji zafi da Root ya ce bai tuna ya taɓa ganin wariya a ƙungiyar ba. Wannan shi ne ciwon da nake magana a kai. Ana iya zama mai sauƙin kai, mai gaisuwa, wanda bai zagi kowa ba, a ci mutuncin wani a gabanka ka ci gaba da shan shayinka.

Shi ya sa nake zargin cewa abin da ake yabo sau da yawa shiru ne. A watan Agustan 2006 a Colombo, Hashim Amla ya cafe ƙwallo, sai mai sharhi Dean Jones, yana zaton an kashe makirufo, ya kira shi ɗan ta'adda. Duniya ta ji, gidan talabijin na Ten Sports ya sallame shi, ya nemi afuwa, Amla ya yafe. Amla ya cancanci duk yabon da ya samu, mutum ne da ya ƙi sa tambarin kamfanin giya a rigarsa ba tare da hayaniya ba, ya kuma ci maki 311 a Landan a 2012 ba a fitar da shi ba. Amma haƙurin wanda aka zalunta yana da daɗin yabo a bakin masu iko, don ba ya neman komai daga gare su. Da Moeen Ali ya ɗaura abin hannu mai kiran a ceci Gaza a wasan Ingila da Indiya a 2014, hana shi aka yi. Da Usman Khawaja, Musulmi na farko da ya buga wa Ostireliya, ya rubuta a takalminsa a Disamban 2023 cewa rayuka duka daidai suke, hukumar kurket ta duniya ta hana shi sa takalmin, ya ɗaura baƙin ƙyalle a hannu ta yi masa gargaɗi a hukumance.

In aka ce lallai sai na ambaci suna ɗaya, Henry Olonga zan ambata. Shi ne baƙar fata na farko da ya buga wa Zimbabwe, tun 1995. Ranar 10 ga Fabrairun 2003, a wasan farko na ƙasarsa a gasar cin kofin duniya, da Namibiya a birnin Harare, shi da Andy Flower suka ɗaura baƙin ƙyalle a hannu, suka fitar da takarda cewa suna makokin mutuwar dimokuraɗiyya a ƙarƙashin mulkin Robert Mugabe, a lokacin da yunwa da dukan 'yan adawa suka addabi talakawa. Su biyun sun yi jarumta, amma farashin bai zo daidai ba. Flower ya kusa ƙarshen wasansa, yana da wurin zuwa a Ingila, daga baya ma ya zama kocin ƙasar. Olonga shekararsa 26. Ƙungiyarsa ta Takashinga ta kore shi, magoya bayan gwamnati suka kira shi maci amanar baƙar fata, aka yi ta yi masa barazanar kisa. Da gasar ta ƙare bai koma gida ba, ya ɓuya na ɗan lokaci sannan ya tsallaka Ingila, kuma bai sake buga wa ƙasarsa wasa ba. Daga baya ya koma Ostireliya da iyalinsa ya kama waƙa, har a 2019 ya shiga gasar mawaƙa ta The Voice a talabijin ɗin ƙasar.